Yadda Na Riƙi Ɗan Kwikwiyo A Mahjar Ta Jidda

  

Labari ya iske ni nan Jidda cewa ana ta magana a gida, wai mutumin da kuka ba amanar kayanku ya zama mai kiwon kare, a bakin ƙofar Makka kuwa, wai har karen yana kwana bisa dardumar salla da za a aiko muku. Waɗansu hajiyoyi biyu sun aiko sun ce in dakata da kayansu tukuna sai sun ji gaskiyar al'amari. Ban ga laifinsu ba, gama wanda ya sayi darduma don a shimfiɗa a masallaci yana da hakkin ya tambaya. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru daki-daki, kowa ya ji waƙa a bakin mai ita. Rabin maganar gaskiya ne, ina da kare. Ɗaya rabin kuwa ƙari ne, irin wanda labari ya kan yi in ya yi doguwar tafiya.

Bari in fara da wurin, domin da yawa daga cikinku abin da suka sani na Jidda shi ne daga filin jirgin sama zuwa motar Makka. Mahjar unguwa ce a kudancin birnin, ba nisa da tashar jiragen ruwa. Sunan Larabci ne, ma'anarsa wurin killacewa, gama a wannan yanki ne a da a ke tsare alhazan da suka sauka daga jirgin ruwa har a tabbata ba su zo da annoba ba. Unguwar Karantina, inda mutanenmu suka zauna shekara da shekaru, ita ma daga wannan al'ada ta sami sunanta. A Mahjar akwai asibitin Sarki Abdul'aziz, akwai kuma kasuwar Sawarikh, inda fatakenmu ke sayen dardumai da barguna da jallabiyoyi da kayan ɗaki. Sauran wurin kuwa sito ne bayan sito, da garejin manyan motoci, da filayen ajiye kwantena.

A ɗaya daga cikin waɗannan sito-sito na ke aiki. Abin da kuka saya, mu ke karɓa mu ɗaure mu rubuta suna, mu jira har kwantena ta cika, sa'an nan a kai ta jirgi zuwa Tema. Mu uku ke kwana a wurin: da ni, da wani dattijo mutumin Yaman mai gadin ƙofa, wanda mu ke kira Ammu, watau baffa, da wani saurayi mutumin Bangaladash mai ɗaukan kaya.

Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da yawa na Jidda domin sabon tsarin gari, cikinsu har da Gulail da Petromin da Sabil da Karantina. Jama'a suka watse, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Wuraren da a da ko tsakar dare ba ka rasa motsin mutum suka koma fili fetal. Sai abu biyu suka yawaita a gefenmu: karnukan da ba su da mai su, da mutanen da ke yawo da dare da almakashin yanke kwaɗo. Sau biyu aka shiga mana a 2022. Na farko ba su sami kome ba sai wayar lantarki. Na biyu suka tafi da dila huɗu ta dardumai. Masu kayan suna cikin masu karanta wannan takarda, sun san ban ƙara ba, sun kuma san da guminmu muka biya. Ammu mutum ne mai gaskiya, amma shekaru sun ja, kunne ya yi nauyi. Ni kuwa wanda ya yini yana ɗaurin kaya, in ya kwanta sai an tashe shi.

Ana nan, ran Alhamis 24 ga Nuwamba 2022, aka yi ruwan da mutanen Jidda ba za su manta ba. Cikin kamar sa'a 6 aka auna milimita 179 a kudancin birnin, aka rufe makarantu, aka rufe hanyar Makka na ɗan lokaci, motoci suka riƙa yawo bisa ruwa kamar ƙorai. Wanshekare da safe, muna kwashe taɓo daga bakin ƙofa, sai saurayin nan ya ji wani ɗan kuka a ƙarƙashin wata matacciyar lori da ke bayan shingenmu. Wata karya ce ta haihu a wurin. Ruwa ya ci 'ya'yan duka sai guda, wanda ya maƙale a kan tsohuwar taya. Uwar ba mu ƙara ganinta ba. Ɗan abin bai fi tafin hannuna biyu ba, ja-ja ne mai baƙin baki, yana ta makyarkyata. Na sa shi a kwali da tsumma, na ajiye a inuwar shinge, na ce in uwar ta dawo ta ɗauki abinta. Har magariba ba ta zo ba.

Jama'a, ni ɗan Zango ne kamar kowa. Na tashi ina jin in an zagi mutum a ce masa kare. Ban taɓa taɓa kare da hannuna ba sai ran nan. Saboda haka ban yanke shawara ni kaɗai ba. Na tafi wurin wani dattijo Bakano, malami, wanda ya daɗe yana karantar da mutanenmu a Jidda, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da ya same ni. In bar shi ya mutu, ko in riƙe shi ya tsare mana sito?"

Ya ce, "Ɗana, ka karanta Risala?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mun karanta a zaure a Kumasi."

Sai ya tuna mini cewa can wajen ƙarshen littafin, Ibn Abi Zaid ya hana ajiye kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don gona, ko garke, ko farautar neman abinci. Ya tuna mini hadisin da ya nuna wanda ya riƙi kare ba don ɗayan waɗannan ba, kullum ana rage masa lada. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce masu sharhin Risala sun kawo labari, shi kansa Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro a Ƙairawan, sai ya ajiye kare. Da aka ce masa ai Malik ya ƙi wannan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamanin da su ke ciki, da zaki ma zai ɗaure a ƙofarsa. Malam ya ce, "Ka ji, karen bana shi ke maganin zomon bana. Malamai da yawa sun auna tsaron dukiya da tsaron gona. Kayan mutane da ke hannunka su ne gonarka, su ne garkenka."

Na tambaye shi batun tsarki. Ya ce a mazhabarmu ta Malik dukan mai rai mai tsarki ne, har kare, da yawunsa da guminsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuwa bauta ce da aka umurce mu, ba don ƙazanta ba. Amma ya ce in tuna inda na ke zaune. Shafi'awa da Hambalawa, waɗanda su ne mafi yawa a wannan ƙasa, a wurinsu najasa ce mai kauri, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya ce, "Kada ka mai da sauƙin mazhabarka ya zama nauyi a kan maƙwabcinka. Kada kuma ka shigar da shi ɗakin da ku ke kwana ku ke salla, saboda hadisin mala'iku."

Har na miƙe zan tafi, sai ya kira ni ya ce, "Abin da na fi ji maka tsoro ba najasa ba ne, hakki ne. Najasa ruwa ke wanke ta. Hakkin dabba kuwa ba ya wankuwa. Ka san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ba. Ka san mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare. In za ka iya ɗaukar hakkinsa, riƙe. In ba za ka iya ba, nemi wanda zai iya tun yau."

Wannan magana ita ce na ke so dattawa su riƙe daga dukan abin da zan faɗa. Na koma sito na riƙi ɗan kwikwiyo, na sa masa suna Sintiri, saboda aikin da na ke fata zai yi. Ban ba shi sunan mutum ba.

To, wanda bai taɓa renon kwikwiyo ba, ya ɗauka kare abu ne da a ke jefa wa ƙashi a wuce. Ashe jariri ne sosai. Likitan dabbobi da na kai shi wurinsa ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora ya ce bai wuce mako huɗu ba, alhali kwikwiyo ba ya isa rabuwa da uwa sai ya kai wajen mako takwas. Ya hana ni ba shi madarar shanu, ya ce tana sa su zawo. Ya ba ni wata ta gwangwani wadda aka yi domin su, ya ce in riƙa dama masa da ɗan abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini. Da dare kuwa kuka. Mako biyu cur ban yi barcin kirki ba. Yana neman ɗumin uwarsa da 'yan'uwansa, ba ya samu. Dabarar da ta yi magani ita ce kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma a sa masa a kwali. In ya jingina da ita sai ya yi shiru. Na tuna da matanmu masu jego, na ce Allah ya saka wa iyaye mata da alheri.

Sa'an nan ga magani. Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki a ke haihuwarsa ko ya sha ta a nono, saboda haka a kan ba shi maganinta kowane mako biyu har ya kai wata uku. Allurar rigakafi kuma a kan fara ta yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan mako uku ko huɗu, har ya kai wata huɗu. Tana tsare shi daga waɗansu cututtuka masu kisa, musamman wani mai sa amai da zawon jini, wanda ke share 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Da ya cika wata uku aka yi masa babbar, watau ta ciwon hauka, aka rubuta a ɗan littafi aka buga hatimi. Likita ya ce kafin allurai su cika kada in bar shi ya cuɗanya da karnukan waje. Ga ƙuma, ga kaska, waɗanda sai an bi kunnuwa da tsakanin yatsu ana dubawa. Kuɗin da na kashe a wata ukun farko ya fi abin da ni kaina na ke ci a wata guda. Ban taɓa sisin kowa ba, daga aljihuna ne. Saurayin nan ya riƙa yi mini dariya, yana cewa Sintiri ne kaɗai a cikinmu haifaffen Jidda, ga shi har ya riga mu samun takardu masu kyau.

Batun abinci ma akwai ilmi. Mu a nan abincinmu shinkafa ce da kaza, irin dahuwar Larabawa da su ke kira kabsa, na kuwa zaci ragowarta ta ishe shi. Likita ya ce a'a. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda. Cakulan guba ce gare shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Ku duba, duk abin da ke sa kabsa daɗi shi ne abin da ke cutarsa. Sai na koma ina ɗebar masa farar shinkafa da tsokar kaza kafin a sa kayan miya, ina haɗawa da irin abincinsu na buhu.

Koya masa inda zai yi bayan gida bai yi wuya kamar yadda na zata ba. Kwikwiyo ya kan nema da ya farka daga barci, da kuma bayan ya ci abinci. In ka ɗauke shi a wannan lokaci ka kai shi wuri guda kullum, ka yaba masa in ya yi, cikin 'yan makonni sai ya riƙe. Duka ba ya koya masa kome sai tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Na lura murya kawai ta isa. In na ce "Bari!" da kakkausar murya sai ya sunkuyar da kai. Hausa ya ke ji, ba ya jin Larabci, abin da ya daɗe yana ba Ammu haushi.

Wahala ta gaske ta zo da azumin 2023, wanda aka fara ran 23 ga Maris. Lokacin Sintiri yana wajen wata biyar, yana famfara. Kare yana da haƙoran yarinta 28, su zube, 42 su fito a madadinsu, dasashi kuwa yana ƙaiƙayi, sai ya tauna duk abin da ya samu. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Wallahi gaskiya suka faɗa. Direbobi da leburori na maƙwabta su kan taru a rumfar wajen shingenmu su yi asham. Wani dare aka sallame, mutum uku suka nemi silifansu ƙafa ɗai-ɗai suka rasa. Ya zura kai ta ƙarƙashin shinge ya janye su. Na biya silifa uku, na ba da haƙuri, na toshe ƙasan shingen da bulo, na samo masa guntun igiyar jirgi mai kauri ya riƙa tauna. Da haƙoran suka gama fitowa sai ya bari.

Yanzu ga amsar tambayar hajiyoyi, da duk mai irin tunaninsu. Sitonmu kashi uku ne. Akwai ɗakin kaya, mai ƙofar ƙarfe, kullum a kulle in ba ana loda ba. Akwai ɗakinmu na kwana da salla. Akwai fili tsakanin ƙofar waje da ɗakin kaya, inda motoci ke juyawa. Sintiri a filin nan ya ke, a wata 'yar rumfa da na kafa masa da katako a kusurwa. Tun yana ƙarami na ja masa iyaka, bai taɓa taka ɗakin kaya ko ɗakin kwana ba, yanzu ko an bar ƙofa a buɗe sai ya tsaya a bakin dokin ƙofa ya zauna. In za a yi lodi a kan ɗaure shi tukuna. Dardumanku kuwa a cikin leda su ke tun daga kasuwa, a ɗaure cikin dila, a bisa katako. Kaskonsa na ci da na sha daban su ke, ba a wanke su inda mu ke alwala. Ina da wata tsohuwar riga da na ware domin hidimarsa, in na gama in tuɓe in wanke hannu da sabulu. A mazhabarmu ba a wajabta mini wannan duka ba. Na yi ne saboda Ammu, wanda Bashafi'e ne, da saboda ku, don zuciyar kowa ta kwanta. Duk wanda Allah ya kawo Umra, daga Makka zuwa nan bai fi tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci a mota ba, ya zo ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Zafin Jidda kun san shi. A Yunin 2010 an auna digiri 52 a wannan birni. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke fitar da zafi, iskar Jidda kuwa mai laima ce saboda teku, hakin ba ya yi masa amfani sosai. Kwalta da rana tana ƙona dagi kamar yadda za ta ƙona tafin ƙafarka. Saboda haka da bazara na kan sauya masa ruwa sau uku a yini, in jiƙa buhu in shimfiɗa masa a rumfa, ba na fita da shi sai bayan asuba da bayan lisha. A wannan fita ce na san unguwarmu fiye da da. Mutumin da ya shekara yana tsakanin sito da masallaci, yau ga shi yana zaga Mahjar da sassafe, har ciwon gwiwar da ke damuna ya yi sauƙi. Waɗansu in sun gan mu su kan kauce su tofar da yawu. Waɗansu, musamman samarin Larabawa, su kan tsaya su tambayi sunansa. Zamani ya juya: a 2006 an hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Jidda da Makka, yau kuwa ga asibitocin dabbobi a cikin gari. Ni dai ba na shiga gardamar kowa. Na kan riƙe igiyarsa gajere, in ba mutane hanya.

Ko ya yi aikin da aka riƙe shi dominsa? Wani dare cikin Agustan 2023, wajen ƙarfe uku, muka ji haushi irin wanda ba mu taɓa ji daga bakinsa ba, mai kauri, ba tsayawa. Na fito da tocila, Ammu ya kunna fitilar fili. Muka ji gudun mutane a bayan shinge, mota ta tashi. Da gari ya waye muka tarar an fara yanke kwanon shingen ta baya, an yar da almakashi a wurin. A daren nan akwai kayan mutum goma sha ɗaya na Zango a ɗaki, saura kwana biyu a loda. Bai ciji kowa ba, ba na kuwa so ya ciji kowa. Aikinsa ya ji abin da kunnenmu ba ya ji, ya tashe mu. Tun daga ran nan ba a sake taɓa mana shinge ba.

Da safen nan na ga abin da ban zata ba. Ammu, wanda wata tara bai yarda inuwar karen ta taɓa shi ba, ya sayo kaza da kuɗinsa, ya dafa ba albasa, ya zare ƙasusuwan, ya tsaya daga nesa ya zuba masa a kasko da dogon ludayi. Har yau bai taɓa shi da hannu ba, ba zai kuwa taɓa ba, ni ma ban nema ba. Amma in na tafi Makka, shi ke ba shi ruwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda ban sami maganinsa duka ba tukuna. Kare ya kan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Ni kuwa baƙo ne, zamana a ƙasar nan da igama ne, wadda a ke sabuntawa, ba a san ran da za a ce ta ƙare ba. Ran da na ɗauke shi daga ƙarƙashin lori na ɗauki alkawarin da ya fi takardata tsawo. Wanda aka rena a hannu ba ya iya zaman bola, in an sake shi yunwa ko mota ko sauran karnuka za su kashe shi. Saboda haka na zauna da mai sito da Ammu muka yi magana, muka rubuta: in na tafi, Sintiri na sito ne, abincinsa da allurarsa suna cikin kuɗin gadi. Ina kuma ajiye ɗan wani abu kowane wata da sunan wannan. Iyakar abin da na iya ke nan, sauran na bar wa Allah.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga dattawa. A zangunanmu na Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, akwai masu ajiye karnuka saboda ɓarayi, a gidaje da garejoji da wuraren ajiye shanu. Da yawa a kan bar su su ci a juji, su sha a kwata, yara suna jifa, ba mai tsawatawa. Muna cin amfaninsu da dare, muna wulakanta su da rana. Wannan ba koyarwar Malik ba ce, ba ta kowane malami ba ce. Wanda ba ya bukatar kare kada ya ajiye, shi ne mafi kyau gare shi. Wanda bukata ta sa ya ajiye, ya ciyar, ya shayar, ya yi masa inuwa, ya kai shi allura.

Batun allurar nan ba don karen kaɗai ba ne, don 'ya'yanmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, sai dai a yi masa addu'a. Amma kafin su bayyana akwai magani, tun 1885 da wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro allurarsa ya tsira. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma a tafi asibiti. Ran 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da wannan ciwo. Da ƙungiyarmu za ta nemi likitocin dabbobi na gwamnati su zo Zango a wannan rana, Sarki ya sa a yi shela, Liman ya faɗa a masallaci, kowa ya fito da nasa a yi masa allura, da an yi aikin lada wanda ba zai ci kuɗi mai yawa ba.

Hajiyoyi kuma, kayanku suna nan lafiya a ɗaure, ina jiran izininku. In kun yarda, za su bi kwantena mai zuwa. In ba ku yarda ba, ku faɗi wanda zan miƙa wa, ba za a ji kome daga bakina ba, zumunci kuwa yana nan yadda ya ke.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ta mutane da ta dabbobi. Allah ya kawo ku wannan ƙasa mai tsarki, ya maishe ku gida lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa dattawa lafiya da nisan kwana, amin.

Naku,
Wani ɗan Zango mazaunin Mahjar, Jidda.